Ƙuri'ar Nassirou Ta Farko

Nassirou direban tasi ne, ɗan Maraɗi, amma in ka ji yana maganar Sanata Raymond na majalisar jihar Maryland a Amurka, sai ka rantse tare aka yi musu kaciya. "Mutumina ne," in ji shi. Mutumin nasa kuwa sau biyu suka taɓa gaisawa, duka biyun a layi.

Shekara goma sha shida yana yi masa kamfen a garin Lanham, alhali ba shi da ikon jefa ƙuri'a. Ya kafa alluna a bakin titi, ya kwashi tsofaffi kyauta ran zaɓe. Ya ce nan ba su iya siyasa ba, wace irin siyasa ce babu anko? Sai ya aika gida aka bugo atamfa da fuskar Sanata, kai tal-tal, hoto ya fi ɗari. Matarsa Zeinabou ta ce wallahi ba za ta ɗaura ƙaton wani a jikinta ba. Shi ya ɗinka riga da wando har da hula.

Bara ya zama ɗan ƙasa, ya kuma sayi gida a garin Bowie. Kowa a masallaci ya ji labari: bana Sanata zai nemi kujera karo na shida, kuma da hannun Nassirou zai hau.

Ni na raka shi rumfar zaɓe. Ya shiga yana ƙamshin turare kamar ango. Can sai na ji muryarsa: "Madam, an manta sunan Sanata a takardata!" Ma'aikaciyar ta duba adireshinsa, ta ce sabon gidansa a wata mazaɓa yake, Sanata Raymond ba nasa ba ne.

Kai jama'a! Ya ce shi ɗan Lanham ne, can jama'arsa suke, can yake salla. Ta ce ba a tambayi inda yake salla ba.

A mota ya daɗe bai tayar ba. Na so in yi dariya, amma wallahi tausayi ya hana ni. Ya ce, "Yusha'u, don girman Allah, kada kowa ya ji."

Sanata ya lashe zaɓe, ko gezau. Ran Juma'a aka yi ta rungumar Nassirou, liman ma ya ce lallai hannunsa da albarka. Ya amsa da "Ikon Allah ne," idonsa a kaina.

Ni ma na miƙa hannu, na ce masa barka.