Dutsen Gado da Rumbun Surukinsa

Gado manomi ne na wani ƙauye a kwarin Buza, kuma da ba a kai shi aikin tilas Madawa ba, wajen 1938, da ba wanda zai tuna da shi. A can aka sa shi ƙona farin dutse a rami don yin farar ƙasar shafe gine-ginen kumandan, Baturen mulki. Ya lura cewa in dutsen ya ƙonu, ya huce har hannu na iya ɗaukarsa, da an zuba masa ruwan sanyi sai ya kama huci yana tafasa. Masana sun ce ƙonawar ce ke sauya jikin dutsen, sai ya riƙe ƙarfi, ruwa kuma ya saki ƙarfin nan ya fito da zafi. Gado bai san wannan ba, amma ya san mutanen garinsu ba su taɓa gani ba.

Da ya dawo sai ya riƙa ƙona nasa a ɓoye cikin duwatsu. Ran kasuwa ya sa dutse a kasko, ya yi tofi, ya zuba ruwa, tururi ya tashi. Aka ce Gado ya samo asiri. Har Fulani suna kawo masa nono don ya tofa wa shanunsu.

Matarsa Sabuwa ba ta barin lungu in tana shara, don haka ya naɗe duwatsun a tsohuwar tabarma, ya tura ƙarƙashin rumbun surukinsa Manzo, inda ƙaiƙayi ya taru. A rumbun nan irin geron gidan yake.

Ruwan shuka ya sauka da hantsi. Ya malala ƙarƙashin rumbu, kafin ya ɗauke hayaƙi ya turnuƙe. Itacen gindin rumbun ya kama, irin ya ƙone.

An ga Sa'a, uwar Sabuwa, ta wuce ta nan da garwashi a sakaina da safe. Maganar ta tsaya a kanta.

"Tsohuwar ga ta gaji da duniya, za ta tahi da mu!" in ji wata maƙwabciya a bakin rijiya.

Sa'a ta daina fita. Sabuwa ta gaya wa Gado cewa uwarta ba ta cin tuwo, tana cewa ita ta kashe gida. Gado ya ji. Shi da ko hanya ba ya haɗawa da surukarsa don kunya, ga shi ta ɗaukar masa laifi.

Ya tashi ya ɗauki dutse ɗaya ya je ƙofar Manzo, inda dattawa ke jaje. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya baza ƙaiƙayi, ya ɗora ƙonannen dutse, ya yayyafa ruwa. Bai yi tofi ba. Can sai ƙaiƙayin ya fara hayaƙi.

"Baba, ni na aje wanga ƙarƙashin rumbu," ya ce, kansa a ƙasa. "Ba asiri ba na. Dutse na."

Wani dattijo ya fashe da dariya. "To nonon da kas sha na Hilani hwa, ina za ka amai da shi?"

Manzo bai yi dariya ba, bai kuma zage shi ba. Ya kalli hayaƙin, ya ce a shiga a gaya wa Sa'a, sannan ya juya ga Gado.

"Kai kau tashi ka ɗauko sungumi. Ƙasa na bushewa."

Gado ya kwashe irin gonarsa ya shuka wa Manzo, tasa gonar ta kwana a shekarar. Ya rayu yana ƙona farar ƙasa yana sayarwa, matan gari na yi masa tsiya ya tafasa musu koko. Sa'a kuwa tun washegarin ranar nan ta koma zuwa rijiya. Ba ta taɓa aiko masa da magana a kan abin ba, har ta rasu.