Ranar da Na Zargi Hajiya da Dafa Giya

Ko zan manta lambar gidan da muka fara zama a unguwar Highbridge, can ƙasar Turawa, ba zan taɓa manta Asabar ɗin da na hau bene da gudu, mayafi a karkace, wai zan kama tsohuwa mai carbi tana dafa giya ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, dariya ta biyo baya, wani lokacin ma har da hawaye.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi, har ranar Asabar ina fita. 'Yata tana da shekara bakwai, babanta yana tuƙin tasi, ba ni da inda zan bar ta. Wadda ta rufa mini asiri ita ce Hajiyar hawa na huɗu, mutuniyar Zangon Kumasi. Ita ta tare ni a matakala ta ce, “Ɗiyana, kawo yarinyan ya zauna wurina.” Hausarta ba ta raba mace da namiji, ni kuwa Bakanuwa ga baki, sai in yi ta tsokanarta. Ita kuma ta ce Hausar tata dai ta kai ta Makka ta dawo da ita lafiya.

A can ƙasan ginin akwai dattijon da ke kula da gidan, ba Musulmi ba ne, amma mutumin kirki, shi ke gyara mana famfo da hita. Abu ɗaya ne ba na so a wurinsa: duk ƙarshen mako shi da abokansa biyu suke dafa giyarsu da kansu. Tun ranar Alhamis za ka ji su a bakin ƙofa suna gardamar wadda za su dafa, wannan ya ce a ƙara sha'ir, wancan ya ce a sa ɓawon lemo. Ranar Asabar warin dafaffen hatsi ya cika matakala, ga bokitai a jere da 'yan bututu a ka suna ɓul-ɓul. In zan wuce sai in toshe hanci ina a'uziyya.

Wata Asabar na dawo aiki, 'yata ta tare ni da tsalle. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta ce, “Mama, yau ni da Kaka mun yi Hausa beer!”

Na ce, “Kun yi me?”

Ta maimaita, ta ƙara da cewa har kofi biyu ta sha. Innalillahi! Giyar Hausawa? Na jawo ta na shinshina bakinta, na ji ƙamshin citta, sai zuciyata ta ce ai da citta ake ɓoye wari. Kwana biyu bayan nan kuma na ga Hajiya da idona tana fitowa daga ƙasan ginin, dattijon nan na biye da ita ɗauke da wata ƙatuwar tukunya irin tasu, yana ce mata ta ba shi labarin yadda ta fito. Shi ke nan, a wurina magana ta ƙare.

Ban tambaye ta ba. Sai na fara kai yarinyar wurin wata a unguwar Tremont, mota biyu muke shiga. Hajiya ta ƙwanƙwasa ƙofa, na ce yarinyar mura take yi. Ta aiko da wake da shinkafa, na mayar da kwanon ba tare da na leƙa na yi godiya ba. Maigidana ya ce, “Ki tambaye ta mana.” Na ce, “Haba! Ta yaya zan dubi sa'ar mahaifiyata in ce ko tana dafa giya?” Ni a ganina ladabi nake yi. Yarinya kuwa kullum kuka, ita wurin Kaka za ta.

Asabar ta huɗu ba ni da aiki. Na dawo daga wanki na tarar ba ta nan, babanta ya ce ta hau sama. Na yar da kwandon na haye. Ƙofar Hajiya a buɗe, ga tukunyar nan a tsakiyar kicin, Hajiya na zaune a kujera 'yar tsugunno, 'yata na riƙe da bakin ƙyallen tata. Ban ko yi sallama ba.

“Hajiya, ki ji tsoron Allah! Giya za ki koya wa 'yata?”

Hajiya ta ɗauki kofi ta ɗebo, ta yi bisimilla ta kurɓa, ta miƙo mini. Na ce ba zan sha ba. Ta ce, “Na ce ka sha.”

Na ɗan taɓa a harshe. Tsamiya, citta, kanumfari, jiƙaƙƙiyar shinkafa da aka niƙa aka tace. Nan take na tuna tsakar gidan kakata da azumi. Na ce, “Kai! Ai wannan lamurje ne!”

“To da mene ne?” in ji ta. Ta ce mutanen Kumasi ne suka sa masa sunan Hausa beer, don sun ga mutanen Zango ba sa shan giya, wannan suke sayarwa suke sha. Tukunyar kuwa sabuwa ce dal, ko sau ɗaya ba a dafa komai a ciki ba. Dattijon ne ya ba ta kyauta, saboda ita ta riƙa kai masa abinci lokacin da matarsa ke kwance a asibiti. Har ya rubuta yadda ake haɗawa, ya ce saura yis ya zama giya. “Na ce ya sa yis a nasa, nawa ya gama.”

Na fashe da dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta ce, “Sati uku ina jiƙa shinkafa ina jiran yarinyan nan. Wurin uwana na koya. 'Ya'yana da jikokina ba wanda ya tsaya ya koya, lemon kwalba suke sha. Wannan kaɗai ya ce Kaka koya mini.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Zargin bai yi mini ciwo ba. Hawa biyu ne tsakaninmu, ka kasa hawowa ka tambaye ni.”

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na kama ƙafarta ina ba ta haƙuri, ina kuka. Ta ce in tashi in kama ɗaya bakin ƙyallen, tatar ba ta ƙare ba.

Hajiya ta koma Kumasi daga baya, can Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙan ta. Tukunyar ta bar wa 'yata. Yanzu yarinyar tana jami'a, amma in za ta zo ƙarshen mako tun Alhamis take bugo waya ta ce in jiƙa shinkafa in nemo tsamiya. Takan kai wa dattijon kwalba ɗaya, shi kuma har yau yana cewa saura yis. Saura ƙiris in raba tsohuwar nan da magajiyarta ɗaya tilo saboda kalmar da ban gane ba. Tun daga ranar, duk abin da na ji game da wanda ya taɓa yi mini alheri, ba na yanke hukunci daga ɗakina. Hawa nake yi in yi sallama in tambaya.