Gwajin Ido da Goro

A tashar Konni, Ladi mai fura tana kallon wani dogon baƙo, rawani a karkace, hannu duk kanta. Manomi ne, a zatonta, wanda ya daɗe bai yi dariya ba. Ɗiyarsa na kan cinyarsa, da tabon ƙuna har wuya. Ya ce daga asibiti suke: bayan ƙunar, cuta irin ta funfuna ta bi jini ta sa wa idonta na hagu hazo.

Yana rufe mata na dama, ya ɗaga goro.

"Tsahara, fari ko ja?"

"Ja, Baba!"

Sai ya yi dariya, ya miƙa wa na kusa goron. Haka yake yi duk sa'ad da ta faɗa daidai, har jakarsa ta goro ta kusa ƙarewa.

"Baba, goron ya isa haka. Ga fura can, fara tas, ina ganinta!"