Kada a goge aikin Sabi'u

Ina bakin teburin mai shayi da safen nan aka kira ni, wai Sabi'u ya rasu. Babbar mota ce ta kwashe shi da motonsa, wato babur ɗinsa, a hanyar Ngong. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai yin finafinan ban tsoro da waya a nan Garwa. Wayar ma gilashinta a tsage.

Tun ɗazu nake ganin hotonsa a shafukan mutanen da ba su taɓa kallon fim ɗinsa na minti biyar ba. Jiya mahaukacin aljanu kuke ce masa, yau ya zama gwarzonku. Ku ji kunya mana.

Sabi'u bai taɓa shafa wa ɗan wasa zoɓo ya ce jini ne ba. Da rana tsaka yake ɗauka. A fim ɗinsa na biyu, mace ta dawo daga kasuwa ta zuba wa 'ya'yanta abinci, ta ga su huɗu, alhali uku ta haifa, kuma kowace fuska ta san ta. Labarin ke nan. Maman Esther mai tumatur, 'yar Mokolo, ita ta fito a matsayin uwar. Gurnanin nan da ke tayar da tsikar jiki a fim ɗin, dutsen niƙan kakarta ne ya je har can ya naɗo.

Ni a firamare na bar lekol, wato makarantar boko. Shi ke ba ni rubutun labaransa in karanta, in kushe, ya kuma saya min shayi a kai.

Ranar Talata ya nuna min sabon fim ɗin, saura kaɗan ya gama. Na ce ƙarshen ya yi sanyi, ya ji tsoron 'yan kallo. Ya yi dariya ya ce, "Kai bakinka ya fi duk dodannina. Zo Lahadi ka ga gyaran." Na ce sai in na samu lokaci.

Maganar da na faɗa masa ta ƙarshe ke nan.

Yanzu a wajen zaman makoki na ji ana cewa bayan sadakar uku za a goge duk abin da ke cikin kwamfutarsa, wai aljanun da yake tsokana ne suka bi shi. Babu kwafin sabon fim ɗin a ko'ina.

Yaya Hamidu, kai ne babba a gidan su Sabi'u, na kuma san kana ganin rubutuna. Na ɗaga maka murya a ƙofar gida ɗazu, ban kyauta ba, ka yafe min. Ban ce a fitar da fim ɗin ba. In zunubi kuke masa tsoro, a kai wa malamin da kuka yarda da shi ya kalla tukuna. Ko ka kulle kwamfutar a akwati ka riƙe mabuɗin. Ummi 'yarsa shekararta biyu. Wata rana za ta tambayi me babanta ya iya.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, har ku da kuka yi masa dariya. Ba zai ƙi ba.