Allura a Zaure

Shekara shida muna yawon rigakafi gida-gida ni da wata abokiyar aikina, daga Kurfi zuwa ƙauyukan Barkiya. Ni ke riƙe littafi, ita ke riƙe akwatin ƙanƙara da allura. Hannunta sai wanda ya gani: yaro yana cikin wasa za ta yi masa, sai an gama ya tuna bai yi kuka ba. Ni kuwa da nake gaba da ita a aiki, in na ɗauki allura har kajin gidan watsewa suke.

Wata rana muna jiran mashin a gindin bishiyar bedi ta ce, "Yaya, mata-maza aka haife ni." A mace aka raine ta, amma da girma ya zo jiki ya nuna wani abu daban. Likitoci sun auna, sun ce namiji ne ya rinjaya, za su yi mata aiki.

Ba wuƙar likita take tsoro ba, aikinta take ji, don da shi take ciyar da mahaifiyarta. Na raka ta wurin shugaban sashenmu. Ya saurara, ya ce, "Malama, hutun jinya hakkinki ne, ba mai hana ki. Amma mi aka ɗauke ki yi? Shiga gidaje. Namiji kau ba ya shiga gidan matan aure. In kin dawo ina za ni sa ki?"

Na ji haushinsa ƙwarai, ga shi kuma ba ƙarya ya yi ba. Na roƙe shi kada ya cike gurbin, zan haɗa aikin mutum biyu. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin in gidaje suka ƙi, shi ke nan.

Bayan wata uku, an yi aikin ya koma namiji, na tarye shi a tashar Dutsin-Ma, cikin kaftani da hula, ya rame. Washegari muka nufi Barkiya. Gidan farko gida ne da ya sha fura a tsakarsa ba adadi, amma ya ja ya tsaya a waje ya yi sallama kamar baƙo. Na shiga ni kaɗai na faɗa wa matan komai.

Sai tsohuwar gidan ta miƙe, ta kira ɗanta maigida, ta ce ya shimfiɗa tabarma a zaure. Da kansa ya shimfiɗa, ya leƙa ya ce, "Malam, bisimilla." Matan suka jeru a bayan ƙofa, suna miƙo jarirai ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu allura. Kafin azahar maƙwabta ma sun kawo nasu. Ni dai ina tsaye da biro a hannu, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Shugabanmu bai ƙara tada maganar gurbi ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da za mu tafi, tsohuwar ta tsayar da abokin aikin nawa ta ce, "Ɗan nan, ka daɗe kana shiga ɗakunanmu, ba mu taɓa jin asirinmu a waje ba. To kai ma ba mai jin naka a bakinmu."

Ya durƙusa zai yi godiya, kuka ya hana shi.