Abin da Baba Bai Gani Ba a Saman Bene

Shekara biyu na yi ina hawa saman benen gidan da nake haya a Agege da na'urar hangen nesa da kyamara. Gyaran waya ne sana'ata, ɗaukar hoton hayaƙin da ke tsakanin taurari kuwa sha'awa ce kawai. Fitilun Legas sun cinye sama, shi ya sa nake ɗaura wani ɗan gilashi, filta, mai tare duk wani haske sai siririn da hayaƙin ke fitarwa. Kyamara ta yi awoyi tana tarawa, hoton ya fito baƙi da fari, ni nake zuba masa ja da shuɗi a kwamfuta. Ido ba ya ganin komai ta gilashin. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ina son a riƙa cewa ga mai ganin abin da ba a gani.

Mai gidanmu tsoho ne, dillalin fatu a kwata. Da ido yake cin abinci, daga nesa yake gane fatar da wuƙa ta huda. Ya ga hoton a wayata, ya ce bayan isha'i zai hau. Ya hau yana haki. Na cire kyamara na bar filtar, ya kafa ido a na'urar.

"Kai, ɗan nan, baƙi ƙirin nake gani."

"Baba, ku ƙara dubawa. Ga ja can a tsakiya."

"Kai kana gani?"

"Sarai."

Ya goge ido da hannun riga, ya sake dubawa, ya sauka.

Bayan sati biyu ya daina zuwa kwata, ya miƙa wa ƙaninsa cinikin, wai ba zai cuci masu saye da mataccen ido ba. Na ji, na yi shiru har wata guda. Kullum ina wuce shi zaune a benci a ƙofar gida, ina gaishe shi.

Wata Juma'a na zauna kusa da shi, na nuna masa hoton kafin launi, na faɗi gaskiya.

Ya daɗe yana kallo. "Wato fenti ka yi wa sama."

"E, Baba."

"Ga tabo nan a gefe kuma, ba ka goge ba."

Ƙura ce a kan gilashin, ni ban ma lura ba. Kashegari ya koma kwata, sai dai wasu masu sayensa sun riga sun saba da ƙanin. Bai hana ni saman bene ba, bai kuma sake hawa ba.