Ranar da Gwaggo ta zauna kan akwatin littattafai

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta da ɗan littafin labari na matakin farko, layi ɗaya a kowane shafi. Ina buɗe shi sai na tuna Gwaggo a ɗakinta na Daura.

Tsohuwar malamar firamare ce, tana da akwatin ƙarfe cike da irinsu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, duk sun sha ƙamshin turaren wuta. Ba ta karanta wa kowa. In ka cije a kalma sai ta ce, "Ba na tauna wa mai haƙori. Sake."

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ɗan maƙwabcinmu ya shigo yana huci, wai a ƙona littattafan saboda hotunan dabbobi. Gwaggo ta hau akwatin ta zauna.

"Yaro, na sauke Alƙur'ani tun uwarka tana zanen goyo. A nan ka koyi haɗa baƙi. In ƙonawa za ka yi, fara da ni."

Ya sunkuyar da kai ya fita. Ta juyo kaina: "Kai kuma, wa ya ce ka tsaya da karatunka?"

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, Ya ba mu ko rabin taurin kanki.